Yadda za ka tantance kamfanin manhajar sayen kaya kafin ka zuba masa kuɗinka

A watan Oktoban 2016 wani kamfanin manhajar sayen kaya na Amurka mai suna Coupa ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq, aka sayar da hannun jari ɗaya kan dala 18. Zuwa farkon 2021 ya haura dala 350. A Disambar 2022 sai ga Thoma Bravo, ɗaya daga cikin manyan masu sayen kamfanonin manhaja, ya ce zai saye shi ɗungurungum kan dala 81 kowane hannun jari, jimilla wajen dala biliyan 8. Toh ka duba fa, wanda ya shiga a 2016 ya ninka kuɗinsa sau huɗu da rabi, wanda kuma ya shiga a farkon 2021 ya fita da ƙasa da kwatan abin da ya zuba. Kamfani ɗaya, manhaja ɗaya, kwastomomi ba su gudu ba, cinikin ma ƙaruwa yake ta yi duk shekara. Bambancin kawai ranar da mutum ya saya da kuma nawa ya biya.

Ni dai ina son wannan harkar, gaskiya ina ganin tana cikin sana'o'in manhaja mafi inganci, kuma abin da ya sa nake jin zafi kenan in na ga mutum ya saka guminsa a ciki ba tare da ya san me yake saya ba. Bari mu bi abin daki-daki.

Da farko ka gane me suke sayarwa

Babban kamfani ba ya sayen kaya kamar yadda ni da kai muke saya. Ma'aikaci yana buƙatar kwamfuta ko wani ƙarfen inji, sai ya rubuta buƙata, manajansa ya sa hannu, in kuɗin ya yi yawa na sama da shi ma ya sa hannu, sashen saye ya nemi farashi wurin masu kawo kaya biyu ko uku, a zaɓi ɗaya, a ba shi takardar oda, ya kawo kaya, mai sito ya rubuta cewa ya karɓa, shi kuma mai kaya ya turo takardar neman biya, sai akanta ya jera takardu ukun nan, ta oda da ta karɓa da ta neman biya, in sun dace da juna a biya, in ba su dace ba a tsaya bincike. Yanzu ka ƙaddara kamfani yana yin haka sau dubu ɗari a shekara a ƙasashe ashirin da masu kawo kaya dubu goma. A nan ne kuɗi ke zurarewa, a biya takarda ɗaya sau biyu, a sayi abu waje alhali akwai kwangila mai rahusa, wani ya ƙirƙiro kamfanin bogi yana turo takardun biya ba wanda ya lura.

Manhajar sayen kaya ita ce take ɗaure duk wannan layin wuri guda. Amma fa ba duka iri ɗaya ba ne, kuma wannan shi ne aikinka na farko, ka gano wane ɓangare kamfanin da kake dubawa yake riƙe da shi. Akwai na gaba, wato neman masu kawo kaya da gasar farashi da ajiye kwangiloli. Akwai na tsakiya, buƙata da sa hannu da oda. Akwai na ƙarshe, takardun neman biya da biyan kansa. Wasu kamar SAP Ariba da Coupa da Jaggaer da Ivalua da GEP suna ƙoƙarin riƙe layin tun daga farko har ƙarshe, wasu kuma yanki ɗaya suka ƙware a kai, kamar Basware na ƙasar Finlan da ya yi suna a takardun biya.

Dalilin da ya sa bambancin yake da muhimmanci ga mai zuba jari shi ne, manhajar gasar farashi ana buɗe ta ne lokaci-lokaci in kwangila ta taso, in aka shiga matsi ana iya ajiye ta a koma imel da Excel ba abin da zai tsaya. Amma wadda ta nan ake oda ake biya kullum, ranar da ta tsaya masana'anta ma tana iya tsayawa. Ita ce cirewa ke wuya. Saboda haka tambayar da zan fara yi ita ce, in an kashe wannan manhajar gobe da safe, wa zai fara kuka, kuma bayan awa nawa?

Sai ka duba ko ma akwai ƙofar shiga

Wannan matakin mutane da yawa suna tsallake shi, su gama karatu da lissafi sannan su gano abin ba na sayarwa ba ne. Mafi yawan sanannun kamfanonin wannan fannin ba sa kasuwar hannun jari yanzu. SAP ya saye Ariba tun 2012 kan kusan dala biliyan 4.3. SciQuest, wanda shi ne ya koma Jaggaer, kamfanin zuba jari na Accel-KKR ya cire shi daga kasuwa a 2016, daga nan ya koma hannun wasu irinsa, Cinven a 2019, sannan Vista a 2024. Workday ya saye Scout RFP a 2019. Proactis na Ingila ya bar kasuwa a 2021, Basware a 2022, Coupa a farkon 2023. Thomson Reuters ya ɗauke Pagero na Suwidin, mai harkar takardun biya na lantarki, a 2024 bayan an yi ta takarar tayi a kansa. Esker na Faransa ma kamfanin zuba jari na Bridgepoint ya yi masa tayin saye a 2024. Ivalua da GEP kuwa dama ba su taɓa shiga kasuwa ba.

Abin da wannan jerin yake nuna maka biyu ne. Na ɗaya, masu manyan kuɗi suna matuƙar son harkar, don kuɗin shiga a cikinta mai maimaituwa ne, ana iya ciwo bashi a kansa. Na biyu, kai ƙaramin mai zuba jari zaɓinka ya yi kaɗan. Ko dai ka sayi manya irin su SAP da Oracle da Workday, inda sayen kaya yanki ne kawai cikin abubuwa da yawa da suke yi, ko ka sayi maƙwabtan harkar da ke kasuwa kamar BILL mai harkar biyan kuɗin ƙananan kamfanoni da SPS Commerce mai haɗa kantuna da masu kawo musu kaya, ko ka jira wani sabo ya shigo kasuwa. In ka sayi SAP don kana son Ariba, ka sani fa abin da zai ɗaga ko ya kayar da hannun jarinka galibi ba Ariba ba ne.

Ɗan gargaɗi a nan. In wani ya tuntuɓe ka a intanet yana cewa yana da hannun jarin wani sabon kamfani da bai shiga kasuwa ba, ka turo kuɗi kafin ya fashe, wallahi ka yi hattara, cinikin biri a sama kenan. Irin wannan jarin na gaske yana bi ta hannun asusu masu rajista da lauyoyi da takardu, kuma mafi ƙarancin abin da ake shiga da shi yana da yawa, sannan kuɗinka zai iya kwanciya shekara bakwai ko goma ba ka iya cire shi.

Mataki na uku, ta ina kuɗi ke shigo musu

Ka nemo rahoton shekara na kamfanin. In na Amurka ne sunansa 10-K, kyauta ake sauke shi a rumbun EDGAR na SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, na Turai kuma suna saka nasu a sashen masu zuba jari na shafinsu na intanet. Kar ka fara da hotunan da aka ƙawata a gaba, ka wuce kai tsaye inda aka raba kuɗin shiga gida-gida.

Za ka ga kuɗin rajista na shekara-shekara, wanda kwastoma ke biya don ya ci gaba da amfani da manhajar, galibi da kwangilar shekara uku. Wannan shi ne mai daraja. Za ka ga kuɗin aikin girkawa da horarwa, shi sau ɗaya ake biya kuma ribarsa siririya ce don mutane ne ke yin aikin da hannu, wasu kamfanonin ma a kan asara suke yinsa don dai su samu kwangilar. In ka ga wannan gidan ya kai kashi 30 ko 40 cikin ɗari na duk kuɗin shiga, to abin da ke gabanka rabinsa kamfanin ba da shawara ne, bai kamata ka biya shi farashin kamfanin manhaja ba. Sai gida na uku, ladan da ake yanka a kan hada-hada, ko dai a caji masu kawo kaya don suna kan dandalin kamar yadda Ariba ya daɗe yana yi, ko a ɗauki wani ɗan kaso in kuɗi ya bi ta kati ko ta hanyar biyan kamfanin.

Gidan nan na uku shi ne ake yi wa mutane romon baka da shi. Za a ce maka biliyoyin daloli suna bi ta manhajarmu duk shekara, in muka yanki ko da ɗan ƙwarya-ƙwaryan kaso ne ai mun yi arziki. Lissafin a takarda yana da daɗi. Amma kuɗin da ya bi ta cikin manhaja ba na kamfanin ba ne, kuma manyan kwastomomi suna da bankunansu da suka saba da su shekara da shekaru, ba sa sakin hanyar biya haka kawai. Ka nemi abin da ya shigo aljihun kamfanin a zahiri daga wannan gidan, ka raba shi da jimillar hada-hadar, ka ga kason yana hawa ko sauka cikin shekara uku. Ka kuma lura, wasu suna cin ribar ajiyar kuɗin kwastomomi na 'yan kwanakin da yake kwana a hannunsu kafin a biya, wannan kuwa yana bin kuɗin ruwa na babban banki ne, in an rage shi ma ya ragu, ba ƙwazon kamfani ba ne.

In kuma ka ga kamfanin ya fara ba masu kawo kaya bashi da kuɗinsa kafin ranar biya, to ya fara zama banki, haɗarinsa ya canza gaba ɗaya. Wani kamfanin kuɗi mai suna Greensill ya durƙushe a watan Maris na 2021 a kan irin wannan harkar ta ba da kuɗi kan takardun biya. Wanda ke haɗa mai kaya da banki ya karɓi lada daban yake da wanda ke ɗauke da bashin a wuyansa, dole ka san wanne ne a gabanka.

Na huɗu, kuma shi ne zuciyar abin, kwastomomi suna zama ko suna tafiya

Da za a ce in zaɓi adadi ɗaya tak daga duk rahoton, wannan zan ɗauka. Ga yadda ake lissafinsa da misali kawai. A ce kwastomomin da kamfani ke da su bara suna biyan 100 a shekara. Bana wasu sun tafi, wasu sun rage, aka rasa 6. Saura 94. Wannan 94 ɗin shi ne ainihin riƙon kwastoma. Sai kuma cikin waɗanda suka zauna wasu suka ƙara sayen wani ɓangare ko suka ƙara ma'aikata a kai, aka samu ƙarin 14, ya zama 108. Kamfanoni sun fi son su nuna maka 108 ɗin don ya fi kyan gani, amma 108 yana iya ɓoye ɓaraka, don kamfanin da ya rasa 20 ya cike da ƙarin 28 daga manyan kwastomomi biyu-uku shi ma 108 zai rubuta. Ka nemi dukansu biyu. Ga mai sayar wa manyan kamfanoni, ni ina son in ga na farkon ya wuce 90 sosai, in ya yi ƙasa da haka a harkar da cire manhaja ke ɗaukar watanni, to ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da ke korar mutane.

Me ya sa kwastoma ke zama? Girka irin wannan manhajar a babban kamfani yana cin watanni, wani lokacin ya haura shekara, a haɗa ta da tsarin akanta, a shigar da dubban masu kawo kaya ɗaya bayan ɗaya, a koya wa ma'aikata, a tsara wa zai sa hannu kan nawa. Manajan da ya sha wannan wahalar ba ya son ya sake ta. To amma zama iri biyu ne, akwai wanda ya zauna don yana jin daɗi, akwai wanda ya zauna don fita ta fi zaman wuya. Na biyun yana nan yana ƙirga ranar da kwangila za ta ƙare, ko ranar da kamfaninsu zai canza babban tsarin akanta, don a ranar ne ake buɗe komai a sake zaɓe.

Wannan ba za ka gan shi a rahoto ba. Gani ya kori ji, ka nemi mutanen da ke aiki a sashen saye ko sashen biya ka tambaye su. Ma'aikata suna bi ta manhajar ko suna zagaye ta su sayi abu sannan a zo a cike takarda daga baya? Kashi nawa na kashe-kashen kamfanin ne ke bi ta ciki? Masu kawo kaya suna turo takardunsu ta dandalin ko har yanzu ta imel suke turowa wani ya zauna yana shigarwa da hannu? Ka tambayi ɓangaren masu kawo kayan su ma, don su ne ake tilasta wa rajista a dandali biyar ko shida, kowane kwastoma da nasa, wani ma a caje su kuɗi. Hirar mutum uku da ke taɓa abin kullum ta fi min shafi hamsin na talla.

Ka duba kuma ko kwastoma ɗaya ko biyu ne ke kawo kaso mai tsoka na kuɗin shiga. A Amurka in kwastoma ɗaya ya kai kashi 10 cikin ɗari dole a faɗa a rahoton.

Na biyar, nawa ake kashewa a kamo sabon kwastoma, kuma ribar ta gaskiya ce

Sayar wa babban kamfani manhaja aiki ne mai tsada, wata shida zuwa shekara ana zarya, da shugaban sashen saye da na kuɗi da na kwamfuta da lauyoyi duk sai sun yarda. Lissafin mai sauƙi ne. A ce kamfani ya kashe 60 a talla da albashin masu sayarwa, ya samo sabbin kwangilolin da ke kawo 40 a shekara, kuma bayan an cire kuɗin kwamfutocin da manhajar ke gudana a kansu da na masu kula da kwastoma kashi 75 cikin ɗari ne ke saura, wato 30. Shekara biyu kenan kafin kuɗin ya dawo. In kwastoma yana zama shekara goma wannan ciniki ne mai kyau sosai. In lissafin ya fara kaiwa shekara huɗu ko biyar kuma yana ƙara tsawo duk shekara, alama ce kasuwar ta fara cika ko gasa ta yi zafi.

Sai maganar riba. Kamfanonin manhaja suna da al'adar fitar da riba iri biyu, ta ƙa'idar akanta da kuma wadda suka gyara da kansu, kuma babban abin da suke cirewa a gyararriyar shi ne hannun jarin da ake ba ma'aikata a matsayin albashi. Suna cewa ai ba tsabar kuɗi ba ne. Haka ne, amma daga kasonka ake yanka, duk shekara ana buga sabbin hannayen jari naka yana ƙanƙancewa. Ni mayar da shi nake cikin kashe-kashe in sake lissafi, kuma in duba yawan hannayen jarin bana da na shekara uku baya. Akwai ma'aunin da 'yan harkar ke yawan ambata, wai ka haɗa kason girma na shekara da kason riba su kai 40. Yana da amfani don tacewar farko, amma ka tabbata ribar da ka saka a ciki ta bayan an cire albashin hannun jarin ce.

Ka raba girman da kamfani ya yi da ƙarfinsa da wanda ya sayo. Coupa ya saye wani kamfanin manhaja mai suna LLamasoft a 2020 kan wajen dala biliyan 1.5, kuma irin wannan sayen yana kumbura adadin girma na shekara ɗaya, bayan nan sai a koma ainihin gudun. Ka duba bashi ma, musamman irin wanda ake iya juya shi ya zama hannun jari, don in farashi ya faɗi ba mai juyawa, sai dai a biya tsaba, kuma lokacin biyan ya kan zo daidai sanda kuɗi ya yi tsada.

Na shida, su wa yake fafatawa da su

Babban abokin hamayyar kowane mai zaman kansa a nan shi ne wanda ya riga ya riƙe littafin akantan kwastoma, wato SAP da Oracle da Workday da Microsoft. Suna iya cewa ga namu ɓangaren sayen kaya, mun saka maka cikin kwangila da rangwame, kuma dama a haɗe yake da sauran. Ko da nasu bai kai naka daɗin aiki ba, shugaban sashen kuɗi zai ji sauƙin sa hannu. Daga ƙasa kuma ga sababbi suna tasowa, irin su Zip da aka kafa a 2020, wanda a 2024 aka yi masa ƙimar dala biliyan 2.2. Su ba sa cewa ka cire tsohuwar manhajarka, shimfiɗa suke yi a samanta, ma'aikaci ya shigar da buƙatarsa ta wurinsu su kuma su rarraba ta inda ya dace. Haɗarin ga tsofaffin shi ne su koma bututun da ke ƙarƙashin ƙasa, ana amfani da su amma ba mai ganinsu, ƙarin kuɗin kuma yana tafiya wurin wanda ke fuskar ma'aikaci.

Na bakwai, iskar da ke kaɗa harkar

Wadda na fi yarda da ita ita ce doka, don ita ba ta jiran ra'ayin manaja. Italiya ta wajabta takardar biya ta lantarki tsakanin kamfanoni tun 2019. Indiya ta fara a 2020 da manyan kamfanoni, Saudiyya a ƙarshen 2021. A Jamus tun Janairun 2025 dole kamfani ya iya karɓar irinta, Tarayyar Turai kuma ta amince da tsarin da zai wajabta ta a cinikin tsakanin ƙasashenta daga 2030. Abin da ya sa aka yi rububin Pagero kenan. Amma doka tana kawo kwastoma, tana kuma kawo masu gasa da yawa da tsari iri ɗaya da zai sa farashi ya sauko, sannan gwamnatoci suna ɗage ranar farawa, Faransa da Folan duk sun taɓa ɗagewa. Dokokin binciken masu kawo kaya ma haka, kamar ta Jamus ta 2023 da ta Amurka kan aikin tilas da ta fara aiki a 2022, suna ƙara buƙatar sanin wa kake saya wurinsa, sai dai a Turai an fara sassauta wasu, don haka kar ka gina duk lissafinka a kansu.

Ƙirƙirarriyar basira kuwa kaifi biyu gare ta a nan. Karanta takardar biya da tsamo sharuɗɗa daga kwangila da rarraba kashe-kashe gida-gida duk aikin da take yi ne da kyau, wanda ke da tarin bayanan shekaru zai amfana. Amma abin da ada sai ƙwararren kamfani ke iya yi yanzu ƙaramin kamfani ma zai iya, kuma wanda ke caji bisa yawan ma'aikatan da ke shiga manhajar zai ji a jikinsa in ma'aikatan suka ragu. Kar ka tsaya kan sau nawa shugaban kamfani ya ambace ta a jawabi, ka nemi ko akwai kwastoman da ya biya ƙarin kuɗi saboda ita.

Na takwas, farashi

Mu koma inda muka faro. Ka ɗauki darajar duk hannayen jarin kamfanin, ka ƙara bashinsa, ka cire tsabar da ke asusunsa, ka raba da kuɗin shigarsa na shekara. A ƙololuwar 2021 Coupa ya wuce ninki 40, wato mutane suna biyan cinikin shekara arba'in, ba ma riba ba. Da aka saye shi ninkin wajen 10 ne. Abin da ya faru a tsakani shi ne babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a Maris na 2022, har daga baya ya kai shi sama da kashi 5 a 2023, girman kamfanin kuma ya ragu, sai ribar da ake jira nan da shekara goma ta rage daraja a idon kowa lokaci guda. Kuma ba yau farau ba, a shekarar 2000 darajar Ariba ta kai wajen dala biliyan 40, shekara 12 bayan nan aka saye shi kan kusan kashi ɗaya cikin goma na hakan, abokin hamayyarsa Commerce One kuwa ya karye a 2004. Tunanin da suka zo da shi daidai ne, ga shi yau kowa na amfani da shi, waɗanda suka saya a 2000 ne suka ɗauki asarar.

Yadda nake yi shi ne in fara daga ƙarshe in dawo baya. In ƙaddara nan da shekara biyar za a saye kamfanin, tunda haka akasarinsu ke ƙarewa, a kan ninki irin wanda aka saba biya a irin waɗannan cinikin, ba na lokacin zazzaɓin kasuwa ba. In ɗauki girma mai ƙasa da wanda shugabannin ke alkawari, in ƙara yawan hannayen jari kamar yadda suke ƙaruwa, in ga nawa hannun jari ɗaya zai kama a ranar, sannan in kwatanta da farashin yau. In sai komai ya tafi daidai ba ko tuntuɓe sannan zan samu riba, na bar shi. Ka tuna kuma in masu rinjaye suka amince da tayin saye, za a biya ka tsaba a sallame ka ko kana so ko ba ka so, damar ka jira farashi ya farfaɗo ta wuce kenan, kuma ƙarin da mai saye ke ɗorawa a kan farashin ranar yake, ba a kan wanda kai ka saya ba.

Bayan ka saya

Kar ka zuba duka a rana ɗaya, ka raba shi kashi uku ko huɗu a kan rahotannin wata uku-uku, kuma kar ya zama kuɗin da za ka buƙata nan da shekara biyu ko uku, kar kuma kamfani ɗaya ya cinye babban kason jarinka. Ka bi ta dillalin hannun jari mai lasisi a ƙasar da kake, ka san harajin da ke kanka da abin da canjin kuɗi zai yi wa ribarka.

Tun ranar farko ka rubuta a takarda abubuwan da in suka faru za ka sayar, don ranar da farashi ke faɗuwa kai ba ya lissafi da kyau. Nawa jerin gajere ne, riƙon kwastoma ya sauka sau biyu a jere, ko kamfani ya daina bayyana wani adadi da ya saba bayyanawa, ko ya canza yadda yake lissafa shi, ko shugaban sashen kuɗi ya ajiye aiki ba bayani, ko a ciwo babban bashi a sayo wani kamfani da bai shafi harkar ba. Duk wata uku in rahoto ya fito sai ka ɗauko takardar nan, ka buɗe shafin kuɗin kwangilolin da aka sa wa hannu amma ba a riga an shigar da su lissafi ba, don shi ke fara nuna sanyi wata shida ko fiye kafin kuɗin shiga ya nuna, ka kwatanta da na bara a daidai wannan lokacin.